Fatalwar da ke cikin littafi da wadda ke bayan ƙofa

An kashe fitila, an ja ƙofa, gida ya yi tsit. Ba a yi minti goma ba sai murya ta fito daga ɗaki, a hankali da farko, sannan da ƙarfi: "Mama! Akwai wani abu a bayan ƙofa." Uwa ta taso ta kunna fitila ta nuna masa, ashe rigarsa ce da aka rataye. "Ka gani? Babu komai. Kwanta ka yi barci." Yaron ya duba, ya yarda, har ya ɗan yi murmushin jin kunya. Tana kashe fitilar, rigar ta koma abin da take ɗazu.

Washegari da daddare, in aka ce wa wannan yaron dai ya ɗauko littafin da za a karanta masa, sai ya tsallake na jirgin ƙasa da na dabbobi, ya jawo mai fatalwa a bango. Ana gamawa ya ce a sake. Nan ne iyaye da yawa ke rikicewa, wasu har su ɓoye littafin don a ganinsu shi ke rura wutar. Akwai lokacin da suke da gaskiya, zan zo kansa. Amma sau da yawa yaron ya riga su gane abin da yake bukata. Yana neman wurin da zai haɗu da abin tsoronsa a kan sharaɗinsa, da haske, da babba a kusa, da hannunsa a kan shafi.

Abin ya fi yadda manya ke zato yawa. A 2001 Peter Muris da abokan aikinsa a ƙasar Holan suka tambayi yara 176 masu shekara 4 zuwa 12 game da tsoron dare. Kusan kashi 73 cikin 100 suka ce suna da shi. Da aka juya ga iyayensu, kusan kashi 34 ne kacal suka ce 'ya'yansu na tsoro da dare. Wannan tazarar ce ta fi tsaya mini a rai, domin tana nufin akwai yara masu yawa da ke kwance cikin duhu ido biyu, zuciya na dukan uku-uku, ba wanda ya sani. Abin da ake tsoron ma yana sauyawa da shekaru. Binciken David Bauer a Amurka a 1976 ya nuna fatalwa da dodo su suka fi yawa a bakin ƙananan yara, suna raguwa yayin da yaro ke tasowa, har wajen shekara 11 ko 12 tsoron rauni da hatsari na zahiri ya karɓi wurinsu.

Me ya sa sai dare? Abubuwa ne suke haɗuwa a lokaci guda. Kwanciya barci rabuwa ce, kuma ita ce rabuwa mafi tsawo da ƙaramin yaro ke yi da mutanensa a kowace rana. Da rana in ya ji wani abu sai ya ruga wurin uwa. Da dare ana so ya kwanta shi kaɗai, ya rufe ido, ya saki duniya. Ga kuma ido da ke rage aiki. A cikin duhu gani yana komawa ga wasu ƙananan ƙwayoyin halitta na cikin ido masu aiki da ɗan haske kaɗan, waɗanda ba sa bambance launi kuma ba sa fitar da gefen abu sosai, kuma kafin ido ya gama sabawa da duhu yakan ɗauki minti 20 zuwa 30. Abin da ido bai kawo cikakke ba, ƙwaƙwalwa ce ke cikasawa, ita kuwa ta fi gaggawar ganin fuska da siffar mutum a kan komai. Akwai hikima a wannan gaggawar. Wanda ya ɗauki igiya a matsayin maciji ya yi asarar tsalle ɗaya ne, wanda ya ɗauki maciji a matsayin igiya kuwa ransa ya sa a caca. Babba ma yana ganin mutum a jikin rigar da aka rataye, sai dai shi cikin daƙiƙa ɗaya yake gyara wa kansa, saboda ya sha gani. Yaro bai tara wannan sabon ba tukuna.

Sannan shekarun da tsoron ke tashi su ne shekarun da tunanin yaro ke bunƙasa. Yaron da zai iya mayar da kwali mota, ya ba 'yar tsana magani, ya yi hira da abokin da ba a gani, shi ne kuma zai iya cika ƙarƙashin gado da halittu. Baiwa ɗaya ce mai fuska biyu. Masanin nan na ƙasar Suwizalan, Jean Piaget, tun a 1926 ya rubuta yadda ƙananan yara ke ba abubuwa rai da niyya, su ce wata yana bin su in suna tafiya. An daɗe ana fassara wannan da cewa yaro bai san bambancin gaske da ƙirƙira ba. Daga baya aka gano lamarin ya fi haka zurfi, kuma a nan ne nake ganin asirin maganar yake.

A 1991 Paul Harris da abokan aikinsa a Ingila suka yi wani gwaji da yara masu shekara 4 zuwa 6. Aka ajiye akwatuna biyu, yaro ya leƙa ya tabbatar babu komai a ciki. Sai a ce masa ya yi tunanin akwai zomo a cikin ɗaya, wasu kuma a ce musu dodo. In aka tambaye su ko da gaske abin na ciki, mafi yawansu sukan ce a'a, wasa ne kawai. Sai mai gwajin ya ce zai ɗan fita. Yara da yawa suka tashi suka je suka taɓa akwatin ko suka buɗe shi, wasu daga cikin waɗanda aka ba dodo kuwa suka roƙi kada a bar su su kaɗai. Sun san babu, bakinsu ya faɗa, amma jikinsu bai sa hannu a yarjejeniyar ba.

Ke nan uwar da ke cewa "babu komai" tana amsa tambayar da ba a yi mata ba. Yaron bai musa ba. Sanin ne ba ya kai inda tsoron yake zaune. Mu manya ma haka muke: wanda ya kalli fim mai ban tsoro ya san 'yan wasa ne da kwalliya, amma in zai bi ta lungu mai duhu a daren sai ya ƙara sauri. A 2009 Liat Sayfan da Kristin Lagattuta na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka nuna wa yara masu shekara 4 da 5 da 7 labarai masu hotuna, inda wani yaro ke haɗuwa da abin tsoro, suka tambaye su yadda za a taimake shi. Manyan cikinsu suka fi cewa a tuna masa abin ba gaskiya ba ne. Ƙananan kuwa suka fi karkata ga wata dabara daban: ya ɗauka fatalwar mai kirki ce, tana son wasa ne. Wato ƙaramin yaro ba ya fita daga duniyar tunani don ya tsira, yana zama a cikinta ya sauya labarin. Littafin hotuna mai kyau wannan aikin yake yi, da harshen da yaron ya riga ya iya.

Hanyar da tsoro ke fita daga jiki an daɗe da saninta. A 1924 Mary Cover Jones ta yi aiki a Amurka da wani yaro mai suna Peter, wanda bai cika shekara 3 ba, mai tsoron zomo da duk wani abu mai gashi. Ba ta yi masa wa'azi ba, ba ta kuma jefa masa zomon a cinya ba. Sai ta riƙa kawo shi a keji, can nesa, lokacin da yaron ke cin abin da yake so, kowace rana ta matso da shi kaɗan. Ta kuma bar shi yana ganin wasu yara suna wasa da zomon hankali kwance. A ƙarshe Peter ya kai ga taɓa shi da wasa da shi. Ido wa ka raina, wanda nake gani yau da gobe. Shekaru 43 bayan haka, a 1967, Albert Bandura da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford suka nuna cewa yara masu tsoron kare suna rage gudunsa in suka yi ta kallon wani yaro tsaransu yana matsawa kusa da kare mataki-mataki ba abin da ya same shi.

Duba littafin hotuna da wannan idon, sai ka ga an tara duk waɗannan a wuri ɗaya. Fatalwar tana can nesa, a kan takarda, ba ta fi tafin hannu ba. Abin daɗin da ke tafe da ita shi ne ɗumin jikin uwa ko uba da muryar da yaron ya fi amincewa da ita a duniya. Tsaran da ake kallo shi ne yaron cikin labarin. Saura abu ɗaya da fim ba shi da shi, kuma a ganina shi ne ya fi komai: juya shafi.

Mafi yawan littattafan hotuna shafi 32 ne, saboda yadda ake naɗe manyan takardu a maɗaba'a, don haka marubuci da mai zane suna da buɗi (shafi biyu masu fuskantar juna) goma sha wani abu kacal, kuma sukan gina labarin a kan wurin juyawa. Ƙofar kabad tana gefen dama a rufe, abin da ke ciki yana bayan shafin. Wa zai juya? In mai karatu yana da haƙuri, yaron ne. Zai iya dakatawa, ya ɗaga gefen takardar kaɗan ya leƙa ya mayar, ya rufe fuska da hannu ya duba ta tsakanin yatsu, ya ce "Baba, tsaya tukuna," ya koma baya zuwa shafin da rana take. Allon talabijin ba ya jiran kowa, hoto da sauti suna zuwa ko ka shirya ko ba ka shirya ba. A littafi fatalwa ba ta motsi sai an ba ta izini. Yaron da duk dare abin tsoro ke zuwar masa ba sallama, yau shi ne mai buɗe ƙofa da rufe ta.

Shi ya sa "a sake" ba ta damuna. Karatu na farko yaron yana maƙale da hannunka. Na biyar yana jiran wurin firgitar da murmushi. Na ashirin shi ne ke yin muryar fatalwar, yana so kai ka ji tsoro. Babba yana gajiya da maimaici don labarin yake bi, kuma ya riga ya san ƙarshensa. Yaro kuwa saboda ya san ƙarshen ne yake so, domin kowane zagaye yana ɗanɗana tsoron da ya san zai wuce, jikinsa na koyon abin da ba a iya faɗa masa da baki, cewa bugun zuciya yana hawa kuma yana sauka.

Ba kullum littattafan yara suka kasance haka ba. An daɗe ana amfani da tsoro a matsayin bulala. A 1845 aka buga littafin hotuna na Heinrich Hoffmann, wani likita a birnin Frankfurt na Jamus, wanda ya fara rubuta shi don ɗansa mai shekara 3. A ciki akwai yaron da ke tsotsar yatsa, wani mutum ya faɗo da ƙaton almakashi ya datse masa manyan yatsun. Littafin ya yi farin jini ƙwarai, kuma saƙonsa a fili yake: abin tsoro yana gefen manya, shi ne ɗan sandansu. Da littafin dodanni na Maurice Sendak ya fito a Amurka a 1963, wasu manya suka ce zai hana yara barci, amma ya ci lambar Caldecott, lambar yabo ta littattafan hotuna na yara, a 1964, yara kuma suka rungume shi. Bambancin shi ne a littafin Sendak yaron ne ya zura wa dodannin ido har suka rusuna masa. Tsakanin waɗannan littattafai biyu abin tsoron bai ragu ba, matsayin yaron ne ya sauya, daga wanda ake farauta zuwa mai iko.

Littattafan fatalwa na lokacin barci galibi ɗaya daga hanyoyi kaɗan suke bi, kuma ba duka nake ba maki ɗaya ba. Akwai na "ashe": ashe labule ne, ashe kyanwa ce, ashe reshe ne ke gogar taga. Wannan yana da amfani ga ɗan shekara 6 ko 7 da ya fara jin daɗin bincike, musamman in yaron cikin labarin ne ya ɗauki tocila ya je ya gano da kansa. In kuwa babba ne ya shigo ya kunna fitila ya warware komai, littafin bai ƙara komai a kan abin da ke faruwa a ɗaki kowane dare ba, sai ma ya tabbatar wa yaro cewa ceto daga waje yake zuwa. Akwai kuma wanda jarumin bai taɓa jin tsoro ba tun shafin farko, yana dariya yana korar fatalwa. Irin wannan yana burge manya, amma yaron da ke rawar jiki ba ya ganin kansa a ciki, sai ma ya ji shi ne ragon. A 1971 Donald Meichenbaum ya gwada wannan da ɗalibai masu tsoron maciji, ya tarar kallon wanda ya fara da fargaba sannan ya daure ya fi rage musu tsoro a kan kallon wanda tun farko bai damu ba. Jarumin da ke da amfani shi ne wanda ƙafarsa ke rawa amma ya sauko daga gado.

Wanda ya fi burge ni shi ne wanda fatalwar ita ma tsoro take ji. Tana tsoron duhu, ko ta ɓata, ko kaɗaici ya dame ta, sai yaron ya zama mai lallashi. A kallon farko kamar wasa ne da hankali, amma akwai abin da ke bayansa. A 2012 Jonathan Kushnir da Avi Sadeh na Jami'ar Tel Aviv suka ba yara masu shekara 4 zuwa 6 da ke fama da tsoron dare 'yar tsana mai siffar ɗan kwikwiyo. Wasu aka ce musu kwikwiyon yana cikin damuwa, yana bukatar mai kula da shi. Wasu aka ce musu zai tsare su. Duka ɓangarorin biyu tsoronsu ya ragu. Abin lura shi ne ɓangaren farko: yaron da aka ɗora wa nauyin kula da wani mai rauni ya sami sauƙi, alhali ba a yi masa alkawarin kariya ba. Mai rarrashi ba ya samun sararin zama abin rarrashi. Kalmomin da yake faɗa wa fatalwar, "kada ki ji tsoro, ina nan," kunnensa ne ke fara jin su.

Yanzu ga inda iyayen da ke ɓoye littafi suke da gaskiya. Stanley Rachman a 1977 ya bayyana hanyoyi uku da tsoro ke shiga mutum: abin ya same ka, ko ka ga wani yana tsoronsa, ko a ba ka labari. Ta ukun nan ba ƙarama ba ce. A binciken Muris da na ambata, mafi yawan yaran sun danganta tsoronsu da abin da suka ji ko suka kalla. Andy Field na Jami'ar Sussex da abokiyar aikinsa sun nuna a 2003 cewa in aka ba yara mummunan labari game da wata dabbar Ostireliya da ba su taɓa jin sunanta ba, sukan yi jinkirin sa hannu a akwatin da aka ce tana ciki. 'Yan jimloli kaɗan sun isa. To littafi ma labari ne. Yaron da bai taɓa tunanin akwai wani abu a ƙarƙashin gado ba, in ka kawo masa littafin da ke koyar da yadda ake korar abin ƙarƙashin gado, ka ba shi cutar da maganin a faranti ɗaya, kuma ba lallai maganin ne zai fi kama shi ba. Garin gyaran gira a rasa ido. Irin wannan littafi na yaron da ya riga ya kawo ƙorafi ne, ko wanda da kansa ya miƙa hannu ya ɗauka.

Zanen ma sai an duba shi da idon yaro. Joanne Cantor ta Jami'ar Wisconsin ta shafe shekaru tana nazarin abin da ke firgita yara a fina-finai, kuma abin da ta yi ta gani shi ne 'yan ƙasa da shekara 6 ko 7 siffa suke bi, ba hali ba. Halitta mai mummunar fuska tana tsorata su ko da ita ce mai kirkin labarin. Saboda haka rubutu zai iya cewa fatalwar abokiya ce, amma in mai zane ya ba ta ramin ido baƙi da dogayen yatsu, hoton ne zai bi yaron zuwa gado, kalmomin su tsaya a falo. Masu zanen da suka san aikinsu sukan yi ta da zagaye, ƙarama, da manyan idanu irin na jariri, su kuma bar ɗan haske a kowane shafi na dare. Ni dai shawarata ita ce babba ya fara buɗe littafin shi kaɗai ya kalli hotunan ba tare da karanta rubutun ba, sannan karatun farko a yi shi da rana. Sai ya zama sananne kafin a kai shi bakin gado.

Akwai wani abu da ya raba fatalwa da dodo wanda ake yawan tsallakewa. Dodo ba kowa ba ne. Fatalwa kuwa, a yadda ake ba da labarinta, wani ne da ya mutu. Tsakanin shekara 5 zuwa 7 ne mafi yawan yara ke fahimtar cewa mutuwa ba a dawowa daga gare ta, tana kan kowa, kuma jiki yana daina aiki gaba ɗaya. Shekarun tsoron fatalwa ke nan daidai. Wani lokaci yaron da ke cewa "akwai fatalwa a ɗakina" tambaya ce yake kewayawa: ina Kaka ta tafi, ke ma za ki tafi, in na rufe ido zan farka? In an yi rasuwa a gidan kwanan nan, littafin fatalwa mai ban dariya zai iya zama kuskure, ko ya sa yaron ya zauna jiran wanda ba zai dawo ba. Masu aiki da yaran da aka yi wa rasuwa suna gargaɗi a kan gaya wa yaro cewa mamacin "barci yake yi", domin wanda aka faɗa wa haka yana da dalili mai ƙarfi na ƙin kwanciya. Irin wannan yaron amsa yake bukata a fili, daidai da shekarunsa da abin da gidansu ya yi imani da shi.

Wannan ya kawo maganar imani, wadda ba na son in yi kamar ba ta nan. Gidaje sun bambanta a duniya. Wasu iyayen za su ce babu wani abin ɓoye ko kaɗan, wasu sun yarda akwai halittun da ido ba ya gani amma ba su yarda mamaci yana yawo ba, wasu kuma wani abin daban. Uba mai gaskiya ba ya son ya faɗa wa ɗansa abin da shi bai yarda da shi ba, kuma yara suna da hancin jin ƙarya. Abin da ya sauƙaƙa lamarin shi ne littafin ba ya bukatar a yanke wannan hukunci kafin ya yi aiki. Tambayar da ke cin yaron da ƙarfe tara na dare ita ce ko yana cikin aminci, ko akwai mai jin sa in ya kira, ko akwai abin da shi kansa zai iya yi. Kowane gida yana da amsar waɗannan ba tare da ya yi ƙarya ba.

Sai dai karatu kaɗai ba ya cika aikin. Tun 1916 Samuel Crothers ya ƙirƙiro wa jinya da littafi suna a Turance, amma shaidar da ta fi ƙarfi a kan tsoron dare ta zo ne daga inda aka haɗa labari da aiki. A 2015 wata tawaga da ta haɗa da Thomas Ollendick ta gwada wani littafi da aka rubuta musamman don tsoron duhu a kan yara 9 masu shekara 5 zuwa 7. Iyaye suka karanta musu na mako 4, kuma suka riƙa yin wasannin da ke cikin labarin, irin su neman abin wasa a ɗaki mai duhu da gane sautin dare. Takwas daga cikin taran suka sami sauƙi a fili. Adadin kaɗan ne, ba za a gina gini a kansa ba, amma ya dace da abin da Jones ta gani shekaru 91 kafin nan. Dole abin da aka gwada a takarda ya sauko ƙasa: a yi inuwar zomo da yatsu a bango, a kashe fitila a ƙirga zuwa biyar tare, gobe zuwa goma, a bar yaron ya riƙe tocilar.

A nan ne iyaye masu tausayi ke faɗawa wani rami. Duba ƙarƙashin gado sau ɗaya tare da yaro, shi yana haskawa, abu ne mai kyau. Duba shi sau bakwai kowane dare saboda yaro ya nace yana koya masa cewa lallai akwai abin dubawa. Eli Lebowitz na Jami'ar Yale ya gina tsarin jinyarsa a kan wannan: yawan sauye-sauyen da iyaye ke yi don kada yaro ya ji fargaba ko kaɗan yana kwantar da daren yau, ya ciyar da tsoron gobe. Abin da yake koya wa iyaye su faɗa yana da ɓangare biyu, a yarda da tsoron, a kuma nuna an amince yaron zai iya ɗauka. Kamar uwa ta ce, "Na san kana jin tsoro, kuma na san za ka iya. Zan leƙo ka bayan minti biyar." Sannan ta leƙo ɗin, ko da ta ji shiru. Dariya da kunyatarwa, irin su "ƙato da kai kana tsoro," ba sa cire komai, suna mayar da yaron ne cikin waɗancan da ke kwance ido biyu ba wanda ya sani.

Akwai kuma abubuwan da littafi ba shi da hurumi a kansu. Yaron da ke zabura da ihu a farkon dare, ido buɗe amma bai gane kowa ba, da safe kuma bai tuna komai ba, wannan firgitar barci mai nauyi ce, ta bambanta da mugun mafarki da ke zuwa can wajen asuba wanda yaro ke iya ba da labarinsa. Ba tsoron fatalwa ba ce, kuma yawanci takan wuce da shekaru. Tsoron da ya ɗauki watanni yana ƙaruwa, ya hana barci har ya taɓa karatu da wasan rana, yana bukatar likita ko masanin halayyar yara. Wanda ya fi sa ni damuwa shi ne yaron da tsoronsa ya faɗo kwatsam, ya ƙi wani ɗaki ko wani mutum, ya koma fitsarin kwance bayan ya daina. Wani lokaci "fatalwa" ita ce kalmar da yaro ke da ita don abin da ba shi da sunansa, kuma abin yana da ƙafa biyu. Kafin a ɗauko littafi, a zauna a tambaye shi a hankali: yaya take, yaushe take zuwa, me take yi? A bar shi ya gama magana.

Ga mafi yawan yara dai lamarin bai kai can ba, kuma sauƙin yana zuwa ne ba tare da sanarwa ba. Ba ranar da yaro zai tashi ya ce ya daina tsoro. Sai dai wata rana ka ga ya yafa zanen gado a ka yana bin ƙanwarsa yana "wuuu," ko ka ji shi daga ɗaki yana karanta wa 'yar tsanarsa littafin da ka, yana juya shafi, in ya zo wurin kabad ya rage murya ya ce mata ta rufe ido in tana so. Zai sake kira wani daren, musamman in ya gaji ko ba shi da lafiya ko an sauya masa ɗaki. Amma kiran yakan zo da wata magana daban: "Mama, rigar nan ce ko? Bar fitilar, ni zan duba."